Yadda jami'o'in tarayya ke raba gurabe: 45, 35 da 20

Duk shekara idan jerin sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu ya fito, ƙorafin ɗaya ne: yaro ya ci maki 260 a jarabawar JAMB an bar shi, wani mai 235 ya shiga kwas ɗin. Akan samu maguɗi, ba a musu. Amma sau da yawa ƙa'idar rabon gurabe ce kawai ta yi aikinta, iyaye kuma ba su san da ita ba.

Ƙa'idar ta dogara ne da tsarin raba daidai da sashe na 14(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada, don kada wasu jihohi ko wata ƙabila su mamaye hukumomin tarayya. A jami'o'in tarayya ana kasa guraben kowane kwas gida uku. Kashi 45 cikin 100 na cancanta ne zalla: wanda ya fi maki shi ne gaba, ko daga wace jiha ya fito. Kashi 35 na jihohin da aka ware a matsayin yankin jami'ar ne. Jami'ar Legas, alal misali, yankinta jihohin Legas, Ogun, Oyo, Osun, Ondo da Ekiti ne. Ragowar kashi 20 na jihohin da aka lissafa cikin waɗanda aka bari a baya a ilimin boko ne, waɗanda takardun JAMB ke kira ELDS.

Jihohin nan 23 ne. Duk jihohin Arewa 19 suna ciki, sai huɗu daga Kudu: Bayelsa, Ebonyi, Ribas da Kuros Riba. Masu cewa kason na 'yan Arewa ne kaɗai ba su duba jerin ba.

A nan ne lissafin yake ba mutane mamaki. A ce an ba wani sashe gurbi 100. Za a jera masu nema bisa jimillar maki, a ɗebi 45 na sama. Daga sauran a tsamo 'yan jihohin yanki a cike 35. Gurbi 20 da ya rage shi jihohi 23 za su raba, wato ko ɗaiɗai bai isa ba. Don haka wanda ya dogara da wannan kaso yana neman likitanci ko lauya, ya jingina ne da bangon da ba shi da ƙwari. Waɗannan kwasa-kwasai ma adadin ɗalibansu a ƙayyade yake, domin bayan hukumar kula da jami'o'i ta NUC, majalisar likitoci ta MDCN da majalisar kula da karatun lauyoyi suna sa wa kowace jami'a iyakar da ba za ta wuce ba.

Zaɓin jami'a yana sauya adadin ƙofofin da ɗalibi yake da su. Bakano da ya nemi Jami'ar Bayero yana iya shiga ta cancanta, ko ta yanki, ko ta kason ELDS. Idan Legas ya nema, ƙofa biyu gare shi. Ɗan Imo da ya nemi Bayero kuwa, ƙofar cancanta kaɗai ta rage masa. Shi ya sa a kwas ɗaya ake ganin makin yankewa iri-iri, kuma shi ne abin da masu suka ke kafa hujja da shi cewa tsarin ya ci karo da sashe na 42 na kundin tsarin mulki, wanda ya hana nuna bambanci saboda asalin mutum. Hujjar tasu tana da nauyi, musamman ganin ɗan attajiri da ya yi makarantar kuɗi a Abuja yana cin gajiyar kaso ɗaya da ɗan manomin da makarantarsu ba ta da malamin lissafi, don kawai jiharsu ɗaya.

Kason bai yafe wa kowa sharuɗɗan shiga ba. Dole a samu kiredit biyar a WAEC ko NECO, galibi har da Turanci da lissafi, a ci mafi ƙarancin makin da jami'ar ta sa, a kuma halarci tantancewarta. Jami'o'in jihohi da masu zaman kansu suna da nasu tsarin daban.

Tun 2017 duk wani gurbi sai ya bi ta manhajar CAPS ta JAMB, kuma a nan akan yi asara. Wasu ba sa ɗora sakamakon sakandare, sai a tsallake su. Wasu an ba su gurbi ba su danna amincewa ba. Wanda kuma ya karɓi gurbin bayan fage da bai bi ta CAPS ba, zai iya gama karatu ya tarar babu sunansa a jerin masu tafiya bautar ƙasa.

Sai batun jihar asali. Abin da aka cike wa ɗalibi ranar rajista shi ake amfani da shi wajen rabon, ranar tantancewa kuma a nemi takardar shaidar ƙaramar hukuma. Idan jihar da ke fom ta saɓa da wadda ke takardar, jami'a na iya janye gurbin, don haka a duba fom ɗin layi-layi kafin a bar cibiyar rajista.