Gine-ginen tunawa da 'yan mazan jiya

Ginin tunawa da 'yan mazan jiya ginshiƙi ne, ko bango, ko allon dutse ko na tagulla da jama'a ke kafawa domin mutanensu da suka kwanta dama a fagen daga. A zamanin da, sarakuna da manyan jarumai ake yi wa irin wannan gini. Sai bayan Yaƙin Duniya na Farko, wanda aka gwabza daga 1914 zuwa 1918, rubuta sunan ƙaramin soja ya zama ruwan dare.

Birtaniya ta yanke shawarar ba za a mayar da gawarwakin sojojinta gida ba, dubbai kuma ko gawarsu ba a gani ba. Da iyalai suka rasa kabarin da za su ziyarta, sai garuruwa da ƙauyuka suka yi karo-karo suka sassaƙa sunayen 'ya'yansu a kan dutse. A Faransa da wuya a sami ƙaramar hukumar da ba ta da nata. A 1917 wani Baturen Ingila mai suna Fabian Ware ya jagoranci kafa hukumar kula da kaburburan yaƙi ta daular Birtaniya, wadda a yau take kula da sunaye da kaburburan mutum kimanin miliyan 1.7 a ƙasashe fiye da 150. Ƙa'idarta ita ce dutsen kabarin janar da na kurtu su zama iri ɗaya. Ƙofar Menin da ke garin Ypres a Beljiyam, wadda aka buɗe a 1927, tana ɗauke da sunaye fiye da 54,000 na waɗanda ba a san makwancinsu ba, kuma ana busa musu ƙaho da ƙarfe takwas na kowane dare.

Manyan gine-gine irin wannan suna da masu kula. Ƙananan na cikin unguwanni su suka fi shiga haɗari, domin kwamitocin da suka gina su sun watse tuntuni ba tare da sun damƙa su a hannun kowa ba. Dokar da Birtaniya ta yi a 1923 ta ba ƙananan hukumomi damar kashe kuɗi wajen gyaransu, amma ba ta wajabta musu ba. Ruwan sama da gishirin ƙasa da ƙanƙara suna cin dutse a hankali, ɓarayi kuma suna ɓalle allunan tagulla su sayar. Abin takaici, gyaran ganganci kan fi waɗannan ɓarna. Wanke dutse da injin feshin ruwa mai ƙarfi yana kankare haruffa, cike tsaga da siminti kuma yana tsare danshi a ciki har dutsen ya farfashe, shi ya sa masana suka fi son kwaɓin farar ƙasa. Kafin a taɓa komai, ana ɗaukar hoto a kwafe kowane suna, domin ana iya sake dutse, amma sunan da ya goge ba tare da an adana shi ba ya tafi ke nan.

Akwai kuma waɗanda tun farko ba a rubuta su ba. Rahoton da hukumar kaburburan ta fitar a 2021 ya nuna aƙalla mutum 116,000, akasarinsu 'yan Afirka da suka yi soja ko dako, ba a tuna da su da suna ba, har gwamnatin Birtaniya ta nemi afuwa.

Ƙasashe da dama suna yin shiru na minti biyu ranar 11 ga Nuwamba, ranar da aka tsagaita wuta a 1918. Sai dai karrama tsohon soja mai rai ya dogara ne da fansho da magani. A 1959 Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka, ba ta daidaita shi da na Faransawa gaba ɗaya ba sai a 2011, lokacin da yawancin masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya.