Fashin baƙi kan dokar kamun kifin tirawut a tafkunan shaƙatawa na Teksas lokacin sanyi

Da zarar sanyi ya kankama a jihar Teksas ta Amurka, daga ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Maris, motocin hukumar kula da gandun daji da albarkatun ruwa ta jihar, wadda ake taƙaita sunanta da TPWD, sukan bi tafkuna suna juye kifin tirawut mai zanen bakan gizo a gefe. Abin da ake zubawa duk shekara ya haura 300,000. Shigowar kifin ke da wuya sai maganganu su tashi tsakanin 'yan uwanmu mazauna Houston da Dallas. Wani ya ce kifin gwamnati ne, wanda ya taɓa shi sai gidan yari ko a tasa ƙeyarsa gida. Wani ya ce ai sadaka ce, kowa ya je ya ɗiba iya ƙarfinsa. Babu ɗaya daga cikin maganganun nan biyu da ya dace da abin da doka ta ce.

Don a kama a ci aka zuba kifin. Tirawut kifin ruwan sanyi ne. Idan zafin ruwa ya wuce digiri 21 a ma'aunin Salshiyas sai ya fara galabaita, kafin a kai 25 ya soma mutuwa, kuma ƙananan tafkunan Teksas suna zarce haka da bazara. Wanda ba a kama ba kafin zafi ya shigo, asara zai bi. Shi ya sa hukumar da kanta take wallafa ranakun zubawa da sunan kowane tafki. Akwai ma tafkuna 18 na cikin unguwanni, a garuruwa irin su Austin da San Antonio da Waco da Amarillo, waɗanda ake ƙara wa kifi duk bayan mako biyu. Mai ɓoye kayansa ba ya shelar inda ya ajiye.

Sai dai akwai sharaɗi. Duk wanda ya cika shekara 17 sai ya mallaki lasisin kamun kifi mai ɗauke da izinin ruwan daɗi. Yara 'yan ƙasa da 17 ba a neman komai a wurinsu, haka mazauna jihar da aka haifa kafin 1 ga Janairun 1931. A 'yan shekarun nan kuɗin lasisin ruwan daɗi na shekara dala 30 ne ga mazaunin jiha, dala 58 ga baƙo, na yini guda kuma dala 11 da dala 16. Mazauni a idon wannan doka shi ne wanda ya zauna a Teksas fiye da wata shida a jere. Lasisin ruwan daɗi na shekara yana mutuwa ranar 31 ga Agusta ko da a Janairu aka saye shi. Ba a buƙatar wani kan sarki na musamman don tirawut. Masu cewa ana buƙata tsohon labari suke maimaitawa.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne maganar nan ta "a wurin shaƙatawa ba a buƙatar lasisi". Gaskiya ce, amma rabinta. Rangwamen ya shafi gandun shaƙatawa mallakar jiha kawai, wato waɗanda TPWD ke gudanarwa da kanta, masu ƙofar shiga da ake biyan kuɗi. A cikinsu babba da yaro kowa na iya jefa fatsa daga bakin ruwa ba tare da lasisi ba, kuɗin ƙofa ne kawai a kansa. Amma yawancin tafkunan da ake zuba wa tirawut a cikin gari ba na jiha ba ne, na hukumar birni ne ko ta gunduma. Filin da ke bayan unguwarku, mai lilon yara da hanyar 'yan tsere, inda ake shiga kyauta, kusan ko da yaushe na birni ne, kuma a can sai da lasisi. Da Turanci kalma ɗaya ake kiran duka biyun da ita, wato "park", daga nan ruɗanin ya samo asali. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a duba allon ƙofa. In sunan birni ko gunduma ne a jiki, a nemi lasisi kafin a buɗe jakar kaya. Ranar kamun kifi kyauta ta jihar kuwa Asabar ta farkon Yuni ce, lokacin da tirawut ya riga ya zama labari.

Wata fassarar da ba ta tsayawa a gaban jami'in hukumar ita ce "ai ban kama komai ba" ko "saki nake yi". Abin da doka ta kira kamun kifi ya haɗa da yunƙurin kamawa. Ƙugiya na cikin ruwa, sanda na hannunka, ka shiga. Wannan ya shafi iyaye sosai. Uba ya kai ɗansa, ya ɗaura masa ƙugiya, ya sa masa abinci, ba laifi. Amma in yaron ya tafi wasa, uban ya zauna yana jefawa yana naɗewa, to shi ke su, ba yaron ba.

Sai adadi. Tirawut biyar ne ga mutum ɗaya a yini, babu ƙa'idar tsawo. Yini a nan daga sha biyun dare ne zuwa sha biyun dare, saboda haka wanda ya cika biyar da safe, ya kai gida, ya dawo bayan La'asar, bai buɗe sabon lissafi ba. Kowane mai kamu da nasa biyar, har yaron da ba ya buƙatar lasisi, amma ba a haɗa lissafin iyali a ce mu huɗu ne, don haka mutum ɗaya ya kama ashirin. Kifin da aka cire daga ƙugiya aka mayar nan take ba ya shiga lissafi. Wanda aka sa a bokiti ko a akwatin ƙanƙara ko aka zura wa igiya ya shiga, ko da yana raye.

A nan akwai wani canji da da yawa ba su lura da shi ba. Tafkin jama'a da bai wuce eka 75 ba, wanda yake gaba ɗaya cikin iyakar birni ko cikin filin shaƙatawa, doka ta ba shi matsayi na daban, na tafkin al'umma. Tun Satumban 2023, a irin waɗannan tafkuna biyar ɗin ta haɗa kowane irin kifi ne. Tirawut uku da tarwaɗa biyu, an gama. Kifin bas ɗaya kawai zai iya shiga cikin biyar ɗin, shi ma sai ya kai inci 14. Wanda ya saba da tsohon tsari, na kowane kifi da nasa adadin, zai iya wuce iyaka da zuciya ɗaya.

Kayan aiki kuwa fatsa ce kaɗai, sanda da zare da ƙugiya, kuma kada sanduna su wuce biyu ga mutum ɗaya a tafkin al'umma. Birgi da taru da mali da mamari, duk abin da masunci ya gada, ba su halatta ga tirawut ba. Ga wanda ya tashi a gaɓar Kogin Rima ko Tafkin Chadi wannan abin dariya ne, a ce kifi na yawo a gabanka amma sai ka jira shi ɗaya bayan ɗaya. Sai dai tsarin ba baƙo ba ne a wurinmu: a Argungu ma ba a shiga Matan Fada sai an ba da izini. Sayar da abin da aka kama haramun ne a doka, haka nan yasar da kifin da ke ciyuwa ya mutu a banza.

Hukuncin shi ne abin da aka fi zuzutawa. Kamun kifi ba lasisi, ko wuce adadi, ƙaramin laifi ne na aji mafi ƙasa a dokar gandun daji ta jihar: tara daga dala 25 zuwa 500, babu ɗauri a cikinsa. Jami'in zai rubuta maka takarda mai ranar da za ka amsa a gaban ƙaramar kotu, kuma kuɗin kotu na hawa kan tarar. Jami'an nan cikakkun jami'an tsaro ne na jiha, suna da ikon neman lasisi da katin shaida, wanda dole ɗan shekara 17 zuwa sama ya riƙe yayin kamu, su kuma duba bokiti da akwatin ƙanƙara. Gardama a bakin ruwa ba ta rage komai.

Abin da ke mayar da ƙaramar magana babba shi ne sakaci. Wanda ya jefar da takardar bai je kotu ba, ana iya fitar da sammacin kama shi, a kan ƙin amsa kira, ba a kan kifi ba. Bayan tara kuma hukumar na iya neman diyyar kifin da aka ɗauka ba bisa ƙa'ida ba. Wanda bai biya diyyar ba, ba za a sake sayar masa da lasisi ba, kuma in aka same shi yana kamu a wannan hali laifin ya koma babban aji, mai tarar dala 500 zuwa 4,000, ko ɗaurin da zai iya kai shekara guda, ko duka biyun. Daga wannan matakin na ƙarshe masu jita-jita suka tsinko maganar gidan yari, suka manta da matakan da ake takawa kafin a kai can.

Ƙa'idar kifi biyar tana da hujja, domin ba don ita ba mutum goma za su kwashe tafki ranar da aka zuba, yaran da suka zo Asabar su tarar da ruwa wayam. Kuɗin lasisi ma yana cikin abin da ke riƙe da aikin kiwon kifin. Inda abin ke ɗan yi wa mutum tsaye a rai shi ne rabon rangwamen. Mai mota da lokacin fita bayan gari zuwa gandun jiha ya samu sassauci, mai ƙaramin ƙarfi da tafkin unguwa ne kaɗai kusa da shi sai ya biya, sabon zuwa kuma da bai cika wata shida ba ya biya kusan ninki biyu.

Wanda ya cika sharuɗɗan, abin da ya rage ba shi da tsada. Zare siriri mai ƙarfin fam 4 zuwa 6, ƙugiya ƙarama lamba 8 zuwa 12, da ɗan dalma kamar kamu biyu sama da ita. Abinci kuwa ƙwayar masarar gwangwani, cuku, tana, ko ƙullin nan mai tasowa sama irin PowerBait. Yawan dawowa hannu rabbana daga zare mai kauri da babbar ƙugiya yake zuwa, domin bakin kifin ƙarami ne kuma idonsa na ganin zare a ruwa mai haske. Kwanakin farko bayan zubawa sun fi albarka, musamman da sassafe da yamma. In ya haɗiye ƙugiyar har ciki, a sa shi cikin biyar ɗin, don da wuya ya rayu in an sake shi. A fede shi da wuri a sa a ƙanƙara, namansa ba ya jure ɗumi.

Duk wannan bayani na tafkuna ne. Kogin Guadalupe a ƙasan madatsar Canyon dokarsa daban ce, domin ruwan sanyin da ke fitowa daga ƙarƙashin madatsar yana barin wasu kifayen su tsallake bazara. A wani sashe nasa ba a ɗaukar tirawut mai tsawon inci 12 zuwa 18, a sashen da ke biye kuma ɗaya tak ake ɗauka a yini, sai ya kai inci 18, kuma a duka biyun sai wanda aka kama da abincin roba ko na ƙarfe za a iya tafiya da shi. Masarar da ta halatta a tafkin unguwa, a can ita ce za ta jawo takardar tara in aka sa kifin a bokiti. Iyakokin sassan da farashin lasisi na bana suna cikin manhajar hukumar mai suna Outdoor Annual, wadda ake sabunta dokokinta duk 1 ga Satumba.