Yadda muryoyin tsohuwar rediyo suka tsira: tambayoyi da amsoshi

Daga shekarun 1920 zuwa ƙarshen shekarun 1950, kafin talabijin ta ƙwace fage, rediyo ce ke tara iyali da daddare a Amurka da Ingila: wasan kwaikwayo, barkwanci, kiɗa, labaran yaƙi. Dubban waɗannan shirye-shirye suna nan a intanet yau, wasu kuma sun tafi har abada.

Gidajen rediyon wancan zamani suna ajiye abin da suka watsa?

Galibi a'a. Shiri kai tsaye ake yi, ɗan wasa ya tsaya gaban makirufo da takardarsa a hannu, ya faɗa, iska ta ɗauke. Ko sakamakon zaɓen da tashar KDKA ta Pittsburgh ta karanta a Nuwamban 1920, wanda ake yawan kafa tarihin rediyon kasuwanci da shi, babu naɗinsa na asali.

Manyan kamfanonin rediyon Amurka biyu, NBC da CBS, har doka suka kafa wa kansu ta hana sa naɗaɗɗen shiri. A baki suna cewa sautin faifai bai kai na kai tsaye ba. Amma akwai lissafin ciniki a ƙasa: abin da suke sayarwa shi ne wayar da ke haɗa tashoshi a lokaci guda, kuma in faifai zai iya tafiya ta gidan waya, wa zai biya kuɗin wannan waya? Saboda haka 'yan wasa a New York sukan yi shiri ɗaya sau biyu a dare guda, na biyun don mutanen gaɓar yamma da agogonsu ke bayan na gabas da awa uku.

An taɓa karya dokar a Mayun 1937. Herbert Morrison na tashar WLS ta Chicago yana naɗar bayanin saukar jirgin balan-balan na Hindenburg a New Jersey sai jirgin ya kama da wuta a gabansa. Washegari NBC ta sa faifan, don babu yadda za a maimaita wannan kai tsaye.

To wa ya naɗi waɗanda muke ji yanzu?

Da yawa masu talla ne. Kamfanin sabulu ko na taba da ya ɗauki nauyin shiri yana so ya tabbatar an karanta tallarsa yadda ya biya, sai ya sa a naɗa masa. 'Yan wasa da makaɗa sukan biya a naɗa musu don su saurari kansu. Gidajen rediyo kan ajiye kwafi saboda shari'a, ko da wani zai ce an ɓata masa suna. Akwai kuma shirye-shiryen da tun asali a faifai ake yin su, a raba wa ƙananan tashoshi.

Kusan babu wanda tarihi ne ya dame shi a cikinsu. Shi ya sa naɗin da tashar WJSV ta Washington ta yi ranar 21 ga Satumba, 1939 ya fita daban: da gangan aka naɗi yini guda cur, tun daga buɗe tasha da asuba har rufewa bayan tsakar dare, da tallace-tallace da wasan ƙwallo da jawabin Shugaba Roosevelt ga majalisa.

Wane irin faifai ne wannan?

Ya fi faifan garmaho na gida girma sosai. Faɗinsa inci 16, yana juyawa sau 33 da sulusi a minti, fuska ɗaya na ɗaukar kusan minti 15, wato shirin rabin awa sai fuska biyu. Daga 1934 aka samu wanda ya fi karɓuwa: farantin alminiyam da aka shafe da wani baƙin fenti mai sheƙi. Allura mai kaifi ke yanka layi a jikin fentin yayin da ake magana, wani siririn zare yana fita, injiniya na share shi da burushi kada ya naɗe allurar. Ana gamawa za a iya saurare nan take.

Sai dai fentin laushi gare shi, kowane sauraro yana cinsa. An kuma haɗa shi da man zurma don kada ya bushe, shekaru na tafiya man yana fitowa ya zama farin gari a saman faifan, fentin ya tsuke, ya tsattsage, ya ɓare daga farantin kamar ɓawon gyaɗa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya taimaka ne ko ya yi ɓarna?

Duka biyun. Jiragen yaƙi na bukatar alminiyam, sai aka koma yin farantin da gilashi, wanda faɗuwa ɗaya ta ishe shi. Tsofaffin faya-fayai da yawa kuma an ba da su an narke.

Ribar ta zo daga sojoji. A 1942 Amurka ta kafa sashen rediyo na rundunarta, wanda ke kwafar shahararrun shirye-shirye, ya cire tallace-tallace, ya buga su a faya-fayan roba masu ƙwari, ya aika sansanoni a ƙasashen waje. Da yake kwafi da yawa ake bugawa, kuma roba ba ta fashewa da sauƙi, akwai shirye-shiryen da ta wannan hanya kaɗai suka rage.

Zuwan tef bai kawo ƙarshen matsalar ba?

Ya kawo sauti mai kyau. Jamusawa ne suka ƙware a kansa, wani sojan Amurka injiniya, Jack Mullin, ya kwaso na'urorinsu bayan yaƙi. Mawaƙi Bing Crosby, wanda ya gaji da shirin kai tsaye har ya koma kamfanin rediyo na ABC a 1946 don a bar shi ya naɗa, ya fara amfani da tef a 1947, ya kuma zuba dala 50,000 a kamfanin Ampex mai ƙera na'urorin tef. Daga nan dokar hana naɗi ta rushe. Amma tef ana goge shi a sake naɗa a kai, ga shi da tsada, don haka tashoshi suka riƙa goge na jiya su ɗora na yau.

Su wa suka hana a zubar da sauran?

A BBC, wata sakatariyar wucin gadi ce, Marie Slocombe. A 1937 aka ce ta kwashe tarin faya-fayai ta zubar. Da ta duba ta ga muryoyin George Bernard Shaw da Winston Churchill a ciki, sai ta ajiye su. Daga nan taskar sauti ta BBC ta samo asali.

A Amurka, masu sha'awa ne suka yi aikin. A shekarun 1960 da 1970, lokacin da tashoshi ke share ɗakunan ajiya, sun riƙa tsinto faya-fayai har daga bola, su kwafa a tef, su yi musaya ta gidan waya. Hukumomi sun biyo baya: a 1978 NBC ta miƙa wa Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka faya-fayai kusan 150,000.

Ma'ajiyar gwamnati ma ba ta zama tudun mun tsira ba. A 2010 wani fitaccen mai tara naɗe-naɗe, J. David Goldin, ya ga ana tallar wata hira ta 1937 da ɗan wasan ƙwallon baseball Babe Ruth a shafin cinikin intanet na eBay. Ya gane faifan, don shi da kansa ya ba da shi kyauta ga hukumar adana kayan tarihi ta ƙasar. Bincike ya nuna wani babban jami'in hukumar ne ke sacewa yana sayarwa, aka ɗaure shi.

Faifan da ya riga ya fashe fa, shi ke nan?

Ba lallai ba. Akwai wata na'ura mai suna IRENE, wadda masanin kimiyya Carl Haber da abokan aikinsa suka ƙera a Berkeley ta Amurka. Ba ta taɓa faifan ko kaɗan. Hoton layukan take ɗauka dalla-dalla, kwamfuta ta lissafa yadda allura za ta yi motsi a cikinsu, ta mayar da shi sauti. Ko gilashin ya rabu gida-gida, ana jera gutsattsarin a ɗauki hotonsu.

Abin da mai sauraro zai lura da shi a intanet shi ne yawancin kwafin da ke yawo jikokin jikoki ne, an kwafa daga tef zuwa tef sau da yawa kafin su shiga kwamfuta. In ka ji murya ta dushe ko tana sauri fiye da kima, sau da yawa laifin kwafin ne, faifan asali ya fi haka tsabta nesa ba kusa ba.