Karas ba ya dawo da ganin nesa

A Zariya an daɗe ana cewa yaron da ba ya hango rubutun allo, a ba shi karas ko ya riƙa juya idanu don motsa su, zai warke. Ba haka ba ne. Ƙwayar idonsa ce ta yi tsawo, haske ke taruwa kafin ya isa bayan ido, sai abin nesa ya zama dishi-dishi. Abinci ko juya idanu ba ya rage tsawon nan; dundumi karas ke karewa.

Wasa a waje, kamar awa 2 kullum, yana taimakawa wajen kare yara daga wannan matsala ta ganin nesa. Wanda ya fara ƙanƙance ido kuwa, don Allah a kai shi asibitin Shika a gwada masa tabarau. Tabarau ba ya kashe ido.