Neman Gurbin Karatu a Jami'o'in Waje Masu Tsananin Tankaɗe da Rairaya

Jami'o'i irin su Harvard, Princeton da Yale a Amurka ba sa ɗaukar ko biyar cikin ɗari na masu nema. Kyakkyawan sakamakon WAEC bai isa ba, domin kusan duk mai nema yana da irinsa.

Akasarinsu suna karɓar buƙata ta shafin Common App, wanda ake buɗewa ranar 1 ga Agusta. Wa'adin farko yakan faɗo 1 ga Nuwamba, na gama-gari kuma farkon Janairu. Oxford da Cambridge a Ingila kuwa ta UCAS, shafin neman gurbin jami'o'in Birtaniya, ake bi, ana rufewa tsakiyar Oktoba, kuma ba a neman duka biyun a shekara ɗaya. A jami'o'in Amurka ana buƙatar sakamakon ajin SS1 zuwa SS3, wasiƙun shaida daga malamai, maƙalar da ba ta wuce kalma 650 ba, sannan wasu na neman jarrabawar SAT. Mai son tallafin kuɗi yakan cika fom ɗin CSS Profile.

Wani wurin da ɗalibai kan yi tuntuɓe shi ne takardun makaranta. Ba ɗalibi ne ke tura su ba, jami'in makaranta ne. Makarantar da ba ta da mai ba da shawara sai ta wakilta mataimakin shugaba, kuma a sanar da shi tun watan Yuni. Wasiƙar da ta tsaya a "yaro ne mai ladabi da biyayya" ba ta da nauyi. Abin da ya aikata ake son ji.

Mai ba da shawara da iyaye ke biya yana taimakawa wajen zaɓen jami'o'in da suka dace da aljihun iyaye, bin wa'adi, da duba maƙala. Gurbi kam ba shi da shi, duk wanda ya yi alkawarinsa a guje shi. A 2019 aka bankaɗo badaƙalar Rick Singer a Amurka, wanda iyaye suka riƙa biya don ya sama wa 'ya'yansu gurbi ta hanyar maguɗi, har wasu iyayen suka sha ɗauri. Wasu masu ba da shawarar kuma dillalai ne da jami'o'i ke biya la'ada, don haka can za su karkata ɗalibi. Maƙalar da aka rubuta wa yaro takan tona kanta, kuma ana iya soke gurbin da aka riga aka bayar. Shirin EducationUSA na gwamnatin Amurka yana ba da irin wannan shawara a Abuja da Legas.