Mece ce ƙwayar furojenita, kuma ta yaya take zama jan jini?

Mutane na yawan cakuɗa ƙwayar furojenita da sitem sel, alhali kowacce da matsayinta. Dukkansu a ɓargo suke, a jikin babba dai ɓargon ƙugu da haƙarƙari da ƙashin ƙirji da na baya ne ke wannan aiki. Sitem sel ita ce uwa, tana haifo irinta sak, tana kuma iya fitar da kowace ƙwayar jini, fara ko ja ko masu tsayar da zubar jini. Wasu masana kimiyya biyu, Till da McCulloch, ne suka nuna akwai ta a 1961 a Kanada, da gwaji kan ɓeraye. Ita kuwa furojenita 'yarta ce da ta riga ta kama hanya, ba ta komawa baya kuma rabuwarta na da iyaka.

Furojenitar da ta nufi zama jan jini sai ta bi matakai biyu da masana ke kira BFU-E sannan CFU-E, to a na biyun nan ne abin yake, domin idan ba ta samu wani sinadari da ake ce wa EPO ba mutuwa take yi kawai, kuma wannan EPO ɗin ƙoda ce ke yin mafi yawansa, da zarar oksijin ya ragu a jini sai ta ƙara sakinsa. Shi ya sa mai ciwon ƙoda da ya daɗe za ka ga jini na masa ƙaranci ko da ɓargonsa lafiya lau.

Wadda ta tsira sai ta yi ta rabuwa tana ƙanƙancewa tana cika cikinta da himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin, a nan ake buƙatar sinadarin ƙarfe da bitamin B12 da folik asid. Daga ƙarshe ta tofar da cibiyarta gaba ɗaya, wato ɓangaren tsakiyarta da ke riƙe da bayanan gadonta, wata ƙwaya mai suna makurofej ta haɗiye. Ni dai wannan ne ya fi ba ni mamaki, ta rabu da abin da zai sa ta sake rabuwa don oksijin ya samu wuri.

Daga nan ta shiga jini, kwana 1 zuwa 2 ta gama nuna, ta yi wajen kwana 120 tana yawo kafin saifa ta cire ta. Wajen miliyan 2 ɓargo ke fitarwa duk daƙiƙa, amma kowacce sai ta bi matakan nan, don haka mai shan maganin ƙarin jini kar ya sa ran ganin canji washegari, makonni ake yi.