Binciken asalin dangi a ƙasar Maradi ta tsoffin takardun ƙidaya da na gonaki

Binciken asalin dangi, wanda tsofaffi suka fi kira neman salsala ko bin tushe, shi ne mutum ya bi sunan ubanshi da kakanshi da baban kakanshi baya baya har inda zance ya tsaya. A ƙasar Maradi da baki aka saba yin wannan aiki, wajen tsofaffi da maroƙa da masu gari, amma akwai takardu iri biyu da ke taimakawa, na ƙidayar jama'a da na gonaki. Duka biyun ba don asali aka rubuta su ba, na farko don karɓar lanho ne, wato haraji, na biyu don kashe rigima, shi ya sa sai an karanta su da taka tsantsan.

Yadda aka zauna ƙasar

Bayan jihadi ya ci Katsina wajen 1807 gidan sarautar Haɓe ya yi arewa, kuma ana cewa wajen 1819 ne Ɗan Kasawa ya kafa gadon sarautar a Maradi, shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maradi. Gobirawa su ma bayan yaƙin Gawakuke na 1836 suka kafa Tsibiri nan kusa. Can kuma akwai Anna, masu addinin gargajiya, da suka riga kowa zama a bakin Gulbin Maradi, kowane gida da sana'arshi ta gado, masu farauta, maƙera, masu ruwa. A ƙarni na 19 mutane a cunkushe suke kusa da Gulbin saboda hare-hare, sai da yaƙi ya kwanta a farkon zamanin Nasara aka fantsama daji, kowa ya ɗauki gatari da iyalinshi ya je ya sari wuri ya haƙa rijiya. Wannan ne dalilin da ƙauyuka da yawa suke ɗauke da sunan mutum, Gidan wane, Garin wane, Ɗan wane, to sau da yawa sunan ƙauyen shi kanshi shi ne shaida ta farko da mai bincike ke samu kyauta.

Ƙidayar zamanin Faransa

Nan ne takarda ta fi yawa. Faransawa sun raba ƙasa kanto kanto, kowane kanto da sarkinshi, ƙauyuka da masu gari, sama da su duka kumandan, wanda da farko a Tasawa yake zaune kafin a maido da mazaunin Maradi wajen 1927. Kumandan ko mataimakinshi kan fita rangadi da tafinta da gardawan tsaro, a kafa tebur gindin itace, mai gari ya riƙa kiran magidanta ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zo da mutanen gidanshi a jere, a rubuta sunan maigida, matanshi, 'ya'ya, ƙanne da ke cin tukunya ɗaya, a ware waɗanda suka isa biyan kuɗin kai da waɗanda ba su isa ba ko suka tsufa, a ƙidaya shanu da awaki da jakkai saboda jangali. Daga nan ne katin iyali ya samo tushe, wanda aka ci gaba da aiki da shi bayan samun 'yancin kai a 1960, kuma har yau in aka buɗe adakar wani tsoho a kan tarar da shi a ninke huɗu cikin leda, gefe guda gara ta taɓa, tawadar ta koma ruwan ƙasa, an soke sunan wanda ya rasu da layi ɗaya an ƙara jariri a ƙasa da wani alƙalami daban. Irin wannan katin ya fi littafi guda amfani don yana nuna wa ke ƙarƙashin wa.

Matsalar ita ce kowa ya san abin da ƙidaya ke jawowa, lanho da aikin dole da ɗaukar soja. Saboda haka ɓoyo ya yi yawa, a tura saurayi daji da awaki ranar da Nasara zai zo, a rage wa yaro shekaru, a ƙara wa dattijo, wasu gidaje ma ɗungurungum su tsallaka iyaka ta wajen Jibiya su zauna ƙasar Ingilishi sai abu ya lafa su dawo, wasu ba su dawo ba. An soke aikin dole a 1946 amma tsoron rubuta suna ya jima bai fita ba. Ke nan rashin ganin sunan kakanka a rijistar wata shekara ba ya nufin ba ya garin.

Sai rikicin sunaye. Malamin da ke rubutu da kunnen Faransanci yake ji, Usaini ya zama Ousseini, Isuhu ya zama Issoufou, Muhamman a rubuta shi iri uku a takarda uku. Babu sunan dangi da ake gado, sunanka da na ubanka ne kawai, jika kuma sau tari sunan kaka yake ci, to cikin gida ɗaya sai ka iske Umaru ɗan Abdu ɗan Umaru ɗan Abdu ka rasa wane ne wane. Ga alkunya, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, mace ba ta faɗin na miji, sai laƙabi ya shiga takarda, Tanko, Nomau, Ɗan Ladi, sunan yanka kuwa ya tafi da masu shi. Mata sun fi shan wahala a nan, sau da yawa suna ɗaya tak ake sa musu ba uba ba garin da aka auro su.

Shekarar haihuwa kuma kintace ce, shi ne sanannen "ne ber" ɗin nan na Faransanci, wato an haife shi wajen shekara kaza. Masu bincike kan gyara ta da manyan abubuwan da tsofaffi ke lissafi da su, yunwar Kakalaba ta wajen 1913 zuwa 1914, ambaliyar 1945 da ta ci tsohon garin Maradi cikin kwari har aka tashe shi aka maido bisa tudu, ko yunwar El Buhari ta 1984 ga na baya baya. Ita ambaliyar tana da wani muhimmanci daban, don unguwar da tsohuwar takarda ta ambata kafin 1945 ba lalle tana inda mai sunanta take yau ba.

Ƙidayar ƙasa

An yi babbar ƙidaya a Nijar a 1977, 1988, 2001 da 2012. Alƙaluma ake fitarwa ba sunaye ba, don haka amfaninta ga mai neman kaka kaɗan ne.

Takardun gonaki

Gona a ƙauye ba ta da takarda a da, hujjarta wanda ya sari dajin, iyakarta gamba da aka dasa ko wata tsohuwar itaciya, shaidarta maƙwabta. Gandu na gida ne duka, gamana ta mutum ɗaya, kuma gona na sauya hannu ta gado, aro, kyauta, jingina ko saye. Dokar rijistar fili ta 1932 ta kawo takardar mallaka irin ta Nasara amma kusan a birni ta tsaya, wajen filayen kanti da gidajen 'yan kasuwa. Inda asali ya fi fitowa shi ne shari'ar gona, don duk wanda ya tsaya gaban sarki ko alƙali yana cewa gonar tashi ce dole ya jero wanda ya sara da wanda ya gada har zuwa kanshi, abokin shari'a ma ya jero nashi, in an rubuta to an samu salsala biyu a takarda guda, sai dai kowanne ya faɗi wadda za ta ba shi gaskiya ne. Sanarwar shugaban ƙasa Seyni Kountché ta 1974 cewa gona ta mai nomanta ce ta sa masu aro da yawa suka zama masu gona, daga baya labarin saran daji ya bi ya sauya baki. Dokar karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin filaye da ake kira Kofo, tun daga ƙauye har sama, suna ba da takardar shaidar gado ko saye ko jingina. Sababbi ne, ba su kai ga kakanni na nesa.

Inda ake samun su

Gidan ajiyar tsoffin takardu na ƙasa a Yamai, sai na Dakar inda fadar mulkin Faransa ta Afirka ta Yamma take a da, da na Aix-en-Provence a Faransa. Wanda danginshi suka tsallaka Katsina sai ya leƙa na Kaduna. Ayarin Tilho, hafsan Faransa, da ya shata iyakar ƙasar Faransa da ta Ingilishi daga 1906 zuwa 1909, ya tattara jerin sarakunan yankin ta hannun tafintanshi Landeroin, amma wannan na gidajen sarauta ne, talaka ba ya ciki. A cikin jahar kuwa ana farawa ne daga mai gari da fadar sarkin kanto da ma'aikatar magajin gari.

Abin da ake taƙaddama a kai

Wane gida ya riga zuwa, wa ya cancanci sarautar gari, da zancen bauta a asalin wasu gidaje. Takardun sukan taɓo su, iyalai da yawa ba su son a buɗe.